Wane kwandon sayayya za ka sa wa mai shago a shafinshi? Ga yadda nake zaɓa a nan Maradi

Satin da ya wuce wani ƙanena da muke harkar gina shafukan intanet tare ya same ni bayan la'asar, wai wani Alhaji mai saida kayan waya a babbar kasuwa ya ba shi aiki, yana son mutane su riƙa shiga shafi suna zaɓar caja da batir da murfin waya suna yin kwamanda ba sai sun kira ba, to wace manhajar kwando zai sa mishi. Ya jero mini sunaye wajen biyar da ya gani a YouTube. Na ce mishi tsaya tukuna, in ka gama ka karɓi kuɗɗinka ka tahi, wa zai riƙe shafin? Alhaji da kanshi ne, ko yaron shago, ko ɗiyarshi da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo? Ya ce wallahi yaya ban tambaya ba. Na ce to koma ka tambayo, don amsar nan ita za ta zaɓa maka manhaja.

Ga wanda bai saba ba, kwando shi ne ɓangaren shafi da ke riƙe kayan da mai saye ya zaɓa, ya haɗa mishi lissafi, ya ɗora kuɗɗin kaiwa, ya karɓi sunanshi da lambarshi, sannan ya sanar da mai shago ga ciniki ya faɗo. Masu Faransanci fanye suke ce mishi. Manhajojin suna da yawa kuma kowace ka buɗe shafinta cewa za ta yi ita ta fi sauƙi, amma sauƙin da suke nufi na mutumin da ke zaune gaban kwamfuta ne da wayifai da katin banki a aljihu, mu ko mai shagonmu a tsaye yake bayan kanta, hannu ɗaya riƙe da waya ɗayan yana miƙa canji.

Na taɓa gina wa wata Hajiya shago a intanet, atamfa da shadda da leshi take saidawa daga gida, da turaren wuta da humra. Na zaɓo mata manhaja mai ƙarfi, komi akwai a ciki, rangwame ne, makin kwastoma ne, rahoton ciniki mai zane-zane ne, na kusa wata guda ina gyara. Ranar da na miƙa mata ta sa mini albarka sosai. Bayan wata uku na leƙa sai na tarar farashin da ke kai na kafin azumi ne, kayan da sunka ƙare tuntuni suna nan a jere, ita kuma ta koma status na WhatsApp abinta. Da na je gaishe ta na tambaya, sai ta ce "ɗana, abin naka yana da kyau, amma in zan canza kuɗɗin shadda guda sai na kira ka, kai kuma kana da naka hidimomin, kasuwa ko ba ta jiran mutum." Maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai, don kuɗɗin guminta ta ba ni kuma abin da na ba ta bai amfane ta ba. Na sake mata aikin daga farko ban karɓi ko dala ba, kuma tun daga lokacin na canza yadda nake zaɓa.

Abin da nake yi yanzu shi ne gwajin waya. Tun kafin mu tsaida kuɗɗin aiki sai in ɗora manhajar da nake tunani a wani shafin gwaji da nake da shi, in zuba kaya biyar ko shida, in tahi shagon da kaina, kuma ba da sassafe ba lokacin da babu kowa, wajen ƙarfe sha ɗaya nake zuwa da kasuwa ta cika. In ce a ba ni wanda zai riƙe shafin. Da wayarshi za a yi, da megarshi. In nuna mishi sau ɗaya yadda ake sa sabon kaya da hoto da farashi, yadda ake canza farashin wanda ke ciki, da yadda ake nuna kaya ya ƙare ko kwamanda ta fita, sannan in maida hannuna aljihu in ce bismillah yi mu gani. Za ka ga yatsanshi yana yawo yana neman maɓallin ajiyewa da ya ɓuya can ƙasa, za ka ga hoto ya tsaya a rabi yana ta juyawa, wani kwastoma ya shigo ya aje wayar ya sallame shi, ya dawo ya tarar allo ya mutu abin da ya rubuta ya tahi. Kar ka karɓi wayar ka gyara mishi ko da hannunka na ƙaiƙayi, kai dai riƙa lura da inda yake tuntuɓe. Bayan sati guda in koma ban tuna mishi komi ba in ce ya sake. In ya iya, manhajar ta ci. In bai iya ba, ko in rage mata kaya ko in canza ta ɗungurungum.

Mafi yawan aikina da WooCommerce nake yi, kuma in anka matsa mini sai na kama suna ɗaya to shi zan kama. Fulogin ne, wato ƙarin manhaja, da ake ɗorawa kan WordPress, manhajar gina shafuka, ya fito a 2011, kamfanin Automattic ya saye shi a 2015, kyauta ne kuma a buɗe yake, kana iya shiga cikinshi ka canza abin da kake so. Yana da manhajar waya ta Android da iPhone, kwamanda na shigowa wayar mai shago za ta yi ƙara, wannan kaɗai babban abu ne don mutanenmu ba sa buɗe imel, wani ma tun ranar da anka buɗe mishi a wajen saida waya bai sake shiga ba. Yana kuma da matsayin manajan shago da za ka ba yaron Alhaji, ya sa kaya ya duba kwamanda, amma ba ya iya sa fulogin ko cire shi, kai ke nan hankalinka kwance. Sannan in Allah ya yi ka bar garin ko ka bar sana'ar, akwai yara da yawa a Maradi da Yamai da Damagaram da sunka iya WordPress, mai shago ba zai rasa wanda zai gaje ka ba.

Amma fa WooCommerce yadda ya zo daga gida bai da sauƙi, kai za ka sassaƙe shi. Allon gudanarwa cike yake da abubuwan da mai shago bai da hulɗa da su, ka ɓoye su, ka bar mishi kaya da kwamanda. Kuma ka kama kanka wajen fulogin, kowane ka ƙara nauyi ne da ƙofar matsala, ni ba na son su wuce abin da zan ƙirga da yatsun hannu. Waɗanda ake rabawa a guruf wai na kuɗɗi ne anka fasa, kar ka kusance su, sau da yawa da ɓoyayyar ƙofa suke zuwa, rannan sai ka ga shafin Alhaji yana tura mutane wajen caca, da wane ido za ka kalle shi. Wani abu kuma, daga ƙarshen 2023 sabbin shagunan WooCommerce da sabon tsarin shafin biya suke zuwa, wanda ake ce wa na bulok, kuma wasu tsofaffin fulogin na biya ko na gyaran fom ba sa fitowa a cikinshi, saboda haka duk wanda ka sa ka yi kwamanda da kanka daga farko har ƙarshe ka gani da idonka.

Inda masu atamfa suka fi shan wuya shi ne kaya mai kala-kala. Manhajar tana da tsarin kaya guda mai rassa, wato zane ɗaya kala shida kowace da hotonta da farashinta da adadinta, ga mai saye abin ya yi kyau amma ga mai sakawa a ƙaramin allon waya azaba ce. Da na sake wa Hajiya aikin cewa na yi kowace kala ta zama kaya mai zaman kanta, ta ɗauki hoto, ta rubuta suna, ta sa kuɗɗin turmi, shi ke nan, kamar yadda take yi a status. Shafin ya ɗan yi tsawo amma tana sakawa da kanta kullum, har ɗiyarta ta koya.

PrestaShop daga Faransa yake, tun 2007, shi ma kyauta a buɗe. Shi tun asali shago ne, ba ɗori ba, kuma Faransancin cikinshi tsaf yake. Abin da nake so da shi, yana zuwa da rukunin kwastoma, mai sari ya ga farashinshi mai sayen ɗaiɗai ya ga nashi, kuma yana ɗaukar harshe fiye da ɗaya ba sai ka nemo ƙari ba. In kiliyan ɗinka babban ɗan kasuwa ne mai sito, kaya ɗaruruwa, da kontabul da ke zaune da kwamfuta, to ya dace da shi. Sai dai yawancin ƙare-ƙaren da ake buƙata sayensu ake da yuro, kuma ɗaga shi daga tsohon zubi zuwa sabo aiki ne na kwanaki. Ga mai ƙaramin shago da waya kawai, ni ban cika kai shi can ba. OpenCart mara nauyi ne, yana gudu ko a masauki mai arha, wato wurin da ake haya a aje shafi a intanet, amma masu iya shi a nan kaɗan ne, ka yi tunanin wanda zai riƙe bayanka. Magento kuwa, wanda Adobe ya saya a 2018, na manyan kamfanoni ne masu sabar mai ƙarfi, wato kwamfutar da ke riƙe shafi, da ma'aikatan da ke kwana a kanshi, ka bar shi kawai.

Shopify na Kanada ne, a Ottawa ya fara a 2006, kuma gaskiya wajen sauƙi a waya ba ni da abin cewa, mai shago yana koyo da wuri, babu ruwanka da sabar ko sabuntawa. Amma haya ce, duk wata ana cire kuɗɗi a katin Visa ko Mastercard, watan da katin bai da komi shago zai rufe. Tsarin karɓar kuɗɗinsu na cikin gida bai aiki a Nijar, in ka haɗa na wani kamfani kuma suna cire nasu kason a kan kowane ciniki, kashi 2 cikin 100 a tsarinsu na Basic, ban da wanda shi kamfanin biyan zai cire. Biya a hannu dai ba sa cire komi a kai. In za ka yi wa Alhaji bayanin kuɗɗin wata ka ce dalar Amurka ka nanata, don in ka ce mishi dala talatin shi sefa 150 ya ji, ranar da anka cire na gaskiya kai zai kira. Wanda na ga Shopify ya dace da shi shi ne mai fitar da kaya waje, irin masu jakunkuna da takalman fatar jar akuyar Maradi da ke da ɗan'uwa a Faransa ko Amurka mai kula da asusu. Akwai kuma Ecwid, wanda ake mannawa a shafin da ya riga ya wanzu, in kiliyan yana da shafinshi da yake so kuma kayan ba su da yawa yana iya fidda ka, amma shi ma haya ce kuma tana tashi in kaya sun ƙaru.

Wani lokaci kuma gaskiyar ita ce mutumin bai buƙatar kwando a shafi sam. Mai kilishi mai kaya iri huɗu, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai aya, kataloji na WhatsApp Business ya ishe shi, yana ɗaukar kaya har 500 kuma tun ƙarshen 2020 yana da nashi kwandon, mai saye ya zaɓa ya turo a saƙo ɗaya. Ka gina mishi shafi guda mai hotuna da kwatancen shago da maɓallin da ke kai mutum WhatsApp, ka karɓi kuɗɗi daidai aikin. Na san kuɗɗin ba su kai na cikakken shago ba, amma ka faɗa mishi gaskiya, in kasuwarshi ta girma kai zai nema. Abin da kataloji bai yi shi ne ƙirga stok da ajiye tarihin kwamanda a jere, ranar da ya fara cewa an sayi abu guda sau biyu ko ya mance wa ya biya wa bai biya ba, lokacin kwando ya yi.

Yanzu maganar biya, wadda ita ce take kada manhajoji da yawa a ƙasarmu. Duk bidiyon koyarwa da za ka kalla Stripe za ka ji, kamfanin karɓar kuɗɗi a intanet, da katin banki, to Stripe ba ya buɗe wa ɗan kasuwar da ke Nijar asusu, kuma ko yana buɗewa kwastomomin Hajiya nawa ne ke da kati? Mutanenmu ta Nita suke aika kuɗɗi, ta Amana, ta Al Izza, ko Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, ko su miƙa tsaba in kaya sun iso hannu. Saboda haka abin dubawa na farko, manhajar tana barin mutum ya gama kwamanda ba tare da ya biya a cikin shafi ba? WooCommerce yana zuwa da biya in kaya sun iso, da kuma biya ta tura kuɗɗi banki. Wannan na biyun nake canza wa suna, in rubuta Biya ta Nita ko Amana ko Airtel Money, a ƙasa in sa sunan mai karɓa da lambarshi, in ce bayan ka tura ka aiko hoton rasit ta WhatsApp tare da lambar kwamandarka. Kwamandar za ta tsaya a matsayin jira, kayan an ware su daga stok, sai mai shago ya ga kuɗɗi sannan ya danna ta wuce. Kuma ka ja kunnen yaron shago sosai, kaftir ba shaida ba ce, ana gyara hoto, sai ya ga saƙon shigowar kuɗɗi a wayar shago ko ya karɓo a ajans sannan kaya su fita.

In kiliyan yana son kuɗɗi su riƙa shiga da kansu, akwai kamfanonin da ke haɗa shafi da kuɗɗin waya, irin CinetPay na Abijan da FedaPay na Kwatano, suna da fulogin na WooCommerce. Suna cire kaso a kan kowane ciniki kuma za su nemi takardun kasuwanci, RCCM, wato rajistar kasuwanci, da NIF, wato lambar haraji, in Alhaji bai da su maganar ta tsaya nan sai ya yi. Kafin ka yi wa kowa alkawari ka tuntuɓe su kai tsaye ka ji waɗanne layukan Nijar suke karɓa a yau, da kwana nawa kuɗɗi ke yi kafin su iso hannun mai shago. Sannan ka gwada da kuɗɗinka, dala ɗari a kowane layi, kuma ka gwada katsewa a tsakiya, ka kashe data bayan ka sa lambar sirri ka ga abin da kwamanda za ta nuna, don a nan rezo yana yanke mutum ana tsaka da biya kuma rigima daga nan take tasowa. Ko ka haɗa wannan, kar ka cire biya a hannu, ka bar su duka.

Kuɗɗinmu a cikin manhaja XOF ake rubuta shi. Shiga saiti ka maida adadin lambobin bayan waƙafi sifili, don sefa bai da santim a kasuwa, farashi ya fito 12.500 F CFA yadda ake rubutawa a kwali, kar ya fito da ,00 a wutsiya. Kuma kar ka taɓa barin lamba tsirara babu F CFA a gefenta, mu da dala muke ƙirga a baki, wani in ya ga 500 zai ɗauka dala ɗari biyar ce wato 2.500, alhali dala ɗari ake nufi. Masu kwastomomi a Jibiya da Katsina da Kano za su ce ka sa naira ma, ni shawarata a'a, canji yana motsi, farashin da ka kafe yau jibi asara ce ga ɗayansu. Ka rubuta a ƙasa mai biya da naira ya tuntuɓa ya ji canjin ranar. Haraji ma, TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, amma kar ka kunna lissafinshi da kanka sai ka tambayi mai shago ko kontabul ɗinshi yadda suke yi, galibi farashin da ke kan kaya shi ne na ƙarshe.

Fom ɗin ƙarshe, inda mai saye ke cika bayaninshi, nan ne ciniki ya fi zubewa. Yadda yake zuwa yana tambayar suna, sunan mahaifi, kamfani, layin titi, lambar gida, lambar akwatin gidan waya, imel dole, wani ma ya ce sai ka buɗe asusu da kalmar sirri. Ka ɗauki wata baiwar Allah a Sabon Gari ko Mokoyo tana son turmi guda na biki, ta zo nan, rufewa za ta yi ta yi bokal kawai. Manhajar da ba ta barinka ka yanke waɗannan ba tamu ba ce. Ni abin da nake bari suna ne, lambar waya, gari, unguwa, da fili guda babba na kwatance, in rubuta mata misali a ciki, bayan masallacin Juma'a, gida mai koren ƙofa kusa da mai shayi. Imel ya zama na ganin dama, saye ba tare da asusu ba ya zama a kunne. Lambar waya ta karɓi lamba 8 ko an sa +227 ko ba a sa ba, ko an bar fili tsakani, kar ta riƙa jan layi ja tana korar mutane. Kalmomin maɓalli ma kana iya canza su da fulogin ɗin Loco Translate, ni nakan sa Faransanci da Hausa tare, Sa a kwando, Gama saye, kuma a kowane shafi akwai maɓallin WhatsApp a kusa da babban yatsa, don duk yadda ka gyara akwai wanda sai ya ji muryar mutum zai saki kuɗɗinshi, kuma yana da gaskiya.

Kuɗɗin kaiwa kar ka wahalar da kanka da lissafin kilo. Yankuna uku sun isa, cikin garin Maradi ɗan kabu-kabu ya kai da kuɗɗi tsayayye, garuruwan kusa irin Tibiri da Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa a ba direba a tasha, na nesa irin Yamai da Tawa da Damagaram da Agadas a sa a bas irin Rimbo ko STM mai saye ya karɓa a ajans. Ka ƙara zaɓin zan zo in ɗauka a shago, kyauta. Kuma ka koya wa mai shago yadda zai canza waɗannan kuɗɗin da kanshi, don in mai ya tashi su ma tashi suke.

Nauyin shafi kuma ka gwada shi a waya mai arha, Tecno ko Itel da ta kwana biyu, da rezo sanda biyu, ka fita bayan gari ma in ta kama. Hoton da waya ke ɗauka yana kai mega uku ko huɗu, in talatin sunka jeru a shafi ɗaya forfe ɗin mai saye ya ƙare kafin ya ga farashi. Sa abin da zai rage hoto da kanshi lokacin da ake ɗorawa, don mai shago ba zai tsaya ragewa ba, faɗin fiksel 1000 ya isa, kuma WordPress yana karɓar WebP, nau'in hoto mara nauyi, tun 2021. Rigar shafi, wato tsarin kamanninshi, ka ɗauki mara nauyi irin Storefront ko Astra ko GeneratePress, ka bar hotuna masu yawo da bidiyo mai tashi da kanshi ko da Alhaji ya gani a wani wuri ya ce yana so, ka buɗe mishi duka biyun a wayarshi ya ga wanda ya riga fitowa.

Saura maganar amana. Manhaja kyauta ce amma sunan shafi da masauki duk shekara ake biya, ka rubuta wa mai shago wannan a takarda tun ranar farko da watan da za a biya, kar shekara ta zagayo ka zo mishi da magana sabuwa. Sunan shafin da sunanshi za a saya, da imel ɗinshi da lambarshi, na sha ganin ɗan kasuwa ya rasa shafin da ya buga a kwali da jikin mota don wanda ya gina mishi ya saya da sunan kanshi sannan ya ɓace. Makullin tsaro na https kyauta ne ta Let's Encrypt, kar ka caje shi a kai. Kwafin ajiya ya riƙa tahiya da kanshi duk sati zuwa wani wuri daban da masaukin, fulogin ɗin UpdraftPlus yana yi zuwa Google Drive, kuma ka taɓa gwada maido da shi ko sau ɗaya ne. Ka duba ma manhajar tana barin a fitar da kaya da kwamanda a fayil na CSV, wato jeri irin wanda Excel ke buɗewa, don in wata rana yana son ƙaura ya tahi da kayanshi. Lambobin kwastomomi da kwatancen gidajensu da ke ciki amanar mutane ce, yawanci mata ne a gidajen aurensu, kar kowa ya samu shiga sai wanda aiki ya shafa, yaron shago in ya bar aiki a ranar a rufe asusunshi. Kalmomin sirri na manya nakan rubuta su a takarda in sa a ambulan in miƙa wa mai shago hannu da hannu, in ce ya aje inda yake aje takardun fili.

Ƙanena dai ya koma ya tambayo. Yaron shago ne zai riƙe, Tecno gare shi, yana karanta Faransanci daidai gwargwado, kayan wajen tamanin ne kuma farashinsu na canzawa duk lokacin da sabon kaya ya iso daga Kano. Munka tsaida WooCommerce da Storefront, biya a hannu da ta Nita, maɓallin WhatsApp a ƙasa, fom mai fili biyar. Ya ɗora na gwaji daren jiya, ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya za mu shiga kasuwa tare mu miƙa wa yaron wayarshi.